Daga Ƙungiya Zuwa Cin Gashin Kai: Abin Lura Ga Matasan Musulmi A Labarin Eedris Abdulkareem

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Wataƙila mai karatu zai yi mamakin ganin sunan mawaƙin gambarar zamani a wurin da aka saba tattauna aya da hadisi. Dalili kuwa shi ne, abin da ya shiga kunnen 'ya'yanmu da ƙannenmu ya riga ya shiga gidajenmu, ko mun so ko mun ƙi. Duk wanda ya ratsa kasuwar Illela ranar Lahadi, ya tsaya a rumfar masu cajin waya da tura waƙoƙi, ya san abin da matasa ke cika wayoyinsu da shi. An rufe wannan iyaka tamu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Shinkafa da albasa da shanu sun sha wahalar ƙetarawa, amma waƙa ba ta taɓa tsayawa a shingen kwastan ba. Tun farkon shekarun 2000 waƙoƙin ƙungiyoyin Yamai, irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya, ke shigowa ta Ƙonni, na Legas da Kano kuma na hawowa ta Sakkwato. Mu mutanen Kalmalo a tsakiyar mahaɗar muke zaune.

Akwai abu guda da ke yawan maimaituwa a wannan sana'a. Samari uku ko huɗu za su haɗu tun ba su da komai, su kafa ƙungiya, su yi suna. Da zarar sunan ya zo sai ƙungiyar ta watse, kowa ya fitar da kundin waƙoƙinsa shi kaɗai. Wannan rabuwa, da abin da ke biyo bayanta, su nake son mu yi nazari a kai a yau, domin darasin da ke ciki ya shafi har wanda bai taɓa riƙe makirfo ba.

Taƙaitaccen labari

An haifi Eedris Abdulkareem a Kano a shekarar 1974, a can kuma ya tashi, duk da cewa asalin iyayensa daga ƙasar Yarabawa ne. Daga baya ya koma Legas, inda a ƙarshen shekarun 1990 suka kafa ƙungiyar The Remedies tare da Tony Tetuila da Eddy Montana, ƙarƙashin kamfanin Kennis Music. Waƙarsu mai suna Shakomo na cikin na farko-farko da suka nuna wa matasan Nijeriya cewa za a iya ɗaukar salon da ya taso daga unguwannin baƙar fatar Amurka a shekarun 1970, a cakuɗa shi da harsunan gida, kuma ya karɓu. Ba a daɗe ba ƙungiyar ta rabu, kowa ya kama gabansa.

A shekarar 2002 Eedris ya fitar da kundinsa na farko shi kaɗai, mai suna P.A.S.S., sunan da ke nuni da cewa wahala da ɗawainiya su ke haifar da nasara. A cikin kundin akwai waƙar da ya yi ta gugar zana ga wasu mawaƙa, har da tsohon abokin tafiyarsa Tony Tetuila. Sai Mr. Lecturer ya biyo baya, inda ya taɓo matsalar malaman jami'a masu neman ɗalibai mata da lalata kafin su ba su maki. A 2004 kuma ya fitar da Jaga Jaga, wadda ta siffanta Nijeriya a matsayin ƙasar da komai nata ya wargaje, talaka na shan wuya. Shugaban ƙasa na lokacin, Olusegun Obasanjo, ya nuna fushinsa a bainar jama'a, aka hana sanya waƙar a gidajen rediyo, amma ta ci gaba da yawo a tituna da tashoshin mota. A Disambar wannan shekara ce rigima ta kaure tsakaninsa da masu tsaron mawaƙin Amurka 50 Cent a kan kujera cikin jirgin sama a Legas, yayin rangadin wani wasa da kamfanin giya ya ɗauki nauyi. Bayan wannan rigima kasuwarsa ta ja baya na tsawon shekaru. A 2022 ciwon ƙoda ya kwantar da shi, matarsa ta ba shi ƙodarta guda aka dasa masa. A Afrilun 2025 kuma hukumar kula da kafafen watsa labarai ta ƙasa ta hana sanya wata sabuwar waƙarsa, Tell Your Papa, wadda ya yi wa ɗan shugaban ƙasa Bola Tinubu a kan halin ƙuncin da jama'a ke ciki.

Ban kawo wannan labari don in yi wa mutumin hukunci ba, hisabinsa na wurin Ubangijinsa kamar yadda nawa yake. Na kawo shi ne domin abubuwa ne da suka faru a idon duniya, kuma Bahaushe ya ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Na farko: rabuwa ba laifi ba ce, yadda ake rabuwa shi ne abin dubawa

Shari'a ba ta ɗaure kowa da abokin tarayyarsa har abada ba. Duk ɗalibin da ya kai babin ciniki a Risalar Ibn Abi Zaidin ya san cewa malamanmu na mazhabar Malikiyya sun halatta tarayya da dukiya, sun kuma halatta tarayya da ƙarfin jiki, wato mutane su haɗa aikin hannunsu su raba abin da suka samu bisa sharuɗɗa sanannu. Tarayya kuwa tana da ranar ƙullawa, tana da ranar warwarewa. To amma Alƙur'ani mai girma, a aya ta 24 cikin Suratu Sad, ya ba mu labari ta bakin Annabi Dawuda (AS) cewa da yawa daga cikin abokan tarayya sashensu na zaluntar sashe, in ban da masu imani da aiki nagari, kuma ya nuna cewa waɗannan kaɗan ne.

Abin da ke wargaza ƙungiyoyin mawaƙa galibi bai wuce abu biyu ba: kuɗi da suna. Wa ya rubuta baitin da ya fi karɓuwa? Hoton wa aka sa a gaba? Nawa aka biya, wa ya karɓa? Waɗannan tambayoyi su ne dai ke raba samarinmu a nan gida. Abokai biyu za su haɗa kuɗi su sayi injin ban-ruwa don noman rani a fadamar tafkin Kalmalo, ko su sayi babur guda don kabu-kabu tsakanin Illela da Ƙonni, ba takarda, ba shaida, wai ai kunya ce a rubuta tsakanin aminai. Idan albasa ta yi daraja, ko babur ya lalace, sai ka ji ana ƙarar juna gaban hakimi, har iyaye su daina gaisawa. Alhali kuwa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta sauka ne a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Wanda ya halicci zukata ya san yadda suke juyawa idan dukiya ta shiga tsakani. Rubutu ba rashin yarda ba ne, garkuwa ce ga zumunci.

Sai kuma batun harshe bayan an rabu. A al'adar wannan kiɗa, abin alfahari ne mawaƙi ya buɗe sabon kundinsa da zambo ga wanda suka ci tuwo a kwano ɗaya, domin rigima na sayar da faifai. Musulmi kuwa yana da Suratul Hujurat, wadda a aya ta 11 da ta 12 ta hana izgili, da jifan juna da munanan laƙabobi, da bincike, da cin naman ɗan'uwa. Abin da ya ƙara wa zambo na waƙa muni shi ne ba ya mutuwa. Zagin fatar baki iska ke tafiya da shi, amma wanda aka naɗa a faifai yana nan bayan shekara ashirin, ko da masu rigimar sun shirya, yaran da ba a haifa ba lokacin rigimar na ci gaba da rera shi. Idan za ka rabu da abokin sana'arka, ɗan'uwa, ka rabu da shi da hisabi bayyananne da harshe tsarkakakke, ka bar ƙofar gaisuwa a buɗe.

Na biyu: wanda ya tsaya shi kaɗai ba shi da wurin fakewa

A cikin ƙungiya, yabo rabawa ake yi, zargi ma haka. Ranar da mutum ya sa sunansa shi kaɗai a bangon kundi, ya ɗauki yabon duka, ya kuma ɗauki nauyin duka. Wannan kuwa shi ne ainihin matsayin kowane ɗayanmu a wurin Allah. Aya ta 95 a Suratu Maryam ta sanar da mu cewa kowa zai je wa Ubangijinsa ranar alƙiyama shi kaɗai. Ba ƙungiya, ba kamfani, ba masu tafi.

Saboda haka tambayar da ta kamaci duk matashin da ke jin cewa ya fi ƙarfin abokan tafiyarsa ita ce: mene ne ke tunzura ni? Idan amsar ita ce a san ni, a ambace ni, to ya tuna da hadisin da Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) game da mutane uku da za a fara yi wa hukunci: wanda ya mutu a fagen fama, da wanda ya nemi ilimi ya karanta Alƙur'ani, da mai kyauta. Dukansu aikinsu ya rushe ne domin sun yi shi don a faɗa, kuma an faɗa. Idan son suna zai iya cinye jihadi da ilimi da sadaka, ina ga abin da bai kai su ba?

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwo na mawaƙa ne kawai. Sau nawa muka ga makarantar Islamiyya guda ta rabu biyu, ko ƙungiyar matasa masu da'awa ta tsage, ba don saɓanin aƙida ko na fiƙihu ba, sai don wane ba ya son zama a ƙarƙashin wane? A yau kowane mai waya na iya buɗe shafinsa a Facebook ko TikTok ya zama malamin kansa, yana ƙirga mabiya kamar yadda mawaƙi ke ƙirga masu sauraro. Cutar ɗaya ce, rigar ce kawai ta bambanta.

Na uku: a yi adalci, ya faɗi gaskiya a wurare

Allah Ya umurce mu a aya ta 8 cikin Suratul Ma'ida da kada ƙin wasu mutane ya hana mu yin adalci. Abin da Mr. Lecturer ta taɓo gaskiya ne, kuma duk wanda ya zauna a jami'a ya ji irin waɗannan koke-koke daga ɗalibai mata. Abin da Jaga Jaga ta faɗa game da wahalar talaka ba ƙage ba ne. Mu da muka ga hare-haren da 'yan bindiga suka kai ƙauyukan Illela da Goronyo a Nuwamban 2021, muka ga manomi na tsoron zuwa gonarsa, ba ma buƙatar a fassara mana ma'anar wargajewar al'amura. Kuma yana da kyau a lura cewa wannan ƙarfin hali ya fi fitowa fili ne bayan da ya tsaya da ƙafarsa, domin mai magana da yawun kansa ba ya jiran amincewar kowa.

Ga inda nake son malamai da masu wa'azi su tsaya su yi tunani. Me ya sa saurayin da ya sauke Alƙur'ani, ya karanta Ahalari da Ishmawi, ke jin cewa mawaƙin Legas ne ke faɗin abin da ke cikin zuciyarsa? A ganina, dalilin shi ne sau da yawa ana cika wa'azi da tsawon wando da hukuncin gemu da raddi ga wancan ɓangare, a bar zancen cin amanar dukiyar jama'a, da cin hanci a shingayen hanya, da zaluntar marayu wajen rabon gado. Ruwa ba ya tsami banza. Alhali a hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya sanya faɗa wa azzalumin shugaba gaskiya a cikin mafificin jihadi. Wannan gado namu ne. Idan mumbari ya yi shiru, wani zai ɗauki maganar ya sa mata ganga, matasa kuma su bi shi tare da duk abin da ya ɗauko.

Haka nan ina ganin hani daga hukuma ba ya magance komai. An hana Jaga Jaga a 2004, ga shi har yau ana tunawa da ita. An hana ta 2025, sai mutanen da ba su ma san da ita ba suka shiga intanet nemanta. A Kano ma an gwada ɗauri da haramta waƙoƙi a tsakanin 2007 da 2009, waƙoƙin suka ci gaba da yawo daga waya zuwa waya. Kuma akwai bambanci tsakanin hana waƙa don ta ƙunshi batsa da hana ta don ta taɓa mai mulki. Bai dace mai addini ya yi murna da na biyun ba, domin hannun da ya toshe bakin mawaƙi yau shi zai toshe bakin limami gobe.

Na huɗu: ruwa mai kyau a ƙazamin kwano

To amma faɗin gaskiya a waƙa ɗaya ba ya wanke sana'ar baki ɗayanta. Game da kayan kiɗa, mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan hani, in ban da abin da aka yi rangwame a kansa kamar mandiri a wurin biki. Wasu kuma, irin su Ibn Hazmin da Imamul Gazali, sun sassauta bisa sharuɗɗa. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki shagaltuwar sarakunan Hausa da kaɗe-kaɗe a Kitabul Farƙi, sannan a Najmul Ikhwani ya kawo saɓanin malamai a kan mas'alar. Ni dai ina tare da masu cewa nisanta ya fi aminci ga addinin mutum. Sai dai ko wanda ya ɗauki fatawar sassauci, ba zai samu malami guda da ya halatta batsa, ko rawar tsiraici, ko tallar giya ba.

A nan ne cin gashin kan da ake taƙama da shi ke bayyana a matsayin ruɗi. Mawaƙin da ya bar abokansa don kada kowa ya juya shi, sai ka same shi a hannun kamfanin faifai, da mai ɗaukar nauyin wasa, da kasuwa mai neman abin da ya fi na jiya zafi. Wasan da aka yi waccan rigima a kansa a 2004, da kuɗin giya aka shirya shi. Yaron Kalmalo ko na Gwadabawa da ke mafarkin hawa irin wannan dandamali ya tambayi kansa tun yanzu: wa zai biya ni, kuma me zai nema a wurina?

Akwai wanda ya yi wa kansa wannan tambaya ya ba da amsa. Mutah Beale, wanda aka fi sani da Napoleon, ɗan ƙungiyar Outlawz ne, abokan tafiyar Tupac Shakur da aka harbe a 1996. Ya ga suna, ya ga kuɗi, ya kuma ga gawar abokansa. Daga baya ya rungumi addini da gaske, ya bar waƙa, ya koma Saudiyya da zama, ya riƙa zagayawa yana yi wa matasa nasiha a kan rayuwar da ya baro. Shi ma barin ƙungiya ya yi, amma ba don sunansa ya ƙara girma ba.

Ina mafita ga mai baiwa?

Kada wani ya fahimci cewa ina kiran mai baiwar sarrafa harshe da ya binne baiwarsa. Ƙarshen Suratush Shu'ara'i, daga aya ta 224 zuwa ta 227, ya zargi mawaƙan da ke yawo a kowane kwari suna faɗin abin da ba su aikatawa, sannan ya keɓe masu imani da aiki nagari da yawan ambaton Allah, waɗanda ke kare kansu bayan an zalunce su. Hassanu ɗan Sabitu da Ka'abu ɗan Maliku da Abdullahi ɗan Rawaha (RA) mawaƙan Manzon Allah ne. A wannan ƙasa tamu ta Sakkwato, Shehu da ƙaninsa Abdullahi sun karantar da jama'a da waƙoƙi. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta ilimantar da matan karkara ta hannun jajis na 'Yan Taru. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya gaya wa sarakuna da 'yan siyasar Arewa gaskiya da rubutacciyar waƙa, ba ganga ba kalangu, kuma har yau ana karanta shi a makarantu. Amsa-amo da karin sauti da kaifin magana ba daga Amurka muka aro su ba.

Shawarata ga mai wannan baiwa ita ce: ya fara gyara niyya. Ya nemi ilimin abin da zai faɗa kafin ya faɗa. Ya nuna wa wani malami da ya yarda da shi abin da ya rubuta kafin ya sake shi, domin abin da ya shiga intanet ba ya komowa. Idan yana da abokan tafiya nagari ya riƙe su, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma aboki nagari shi ne mai iya ce maka ka yi kuskure a ranar da kowa ke yi maka tafi. Idan kuma rabuwa ta zama dole, ya rabu da mutunci.

Ga mai sauraro kuma, ya sani kunne amana ne, za a tambaye shi a kansa kamar yadda aya ta 36 a Suratul Isra'i ta nuna. Ya duba wayarsa yau, ya ƙirga awa nawa yake bai wa muryar mawaƙa a mako, ya kwatanta da wanda yake bai wa Littafin Allah.

A ƙarshe, mu tuna da shekarar 2022 a labarin wannan bawan Allah. Mutumin da dubban jama'a suka yi wa tafi a filayen wasa, da ciwo ya zo, ƙodar matarsa ce aka dasa masa. Wannan ya isa ya nuna wa matashi inda ya kamata ya zuba ƙarfinsa: iyaye, da iyali, da 'yan'uwa na gaskiya, da kuma aikin da zai bi shi kabari.

Allah Ya shiryar da mu da matasanmu, Ya tsarkake mana niyya da harshe, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya sa mu cika da imani. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuma Shi ne Mafi sani.